Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba A Cleveland

A can ƙasar Amurka, cikin Jihar Ohayo, akwai wani birni a bakin Tabkin Erie ana ce da shi Cleveland, kuma mutanen wannan birni suna da wata ƙungiyar ƙwallo mai suna Browns wadda su ke ƙauna kamar ransu. Daga shekarar 1999 zuwa 2024, watau shekaru 26 na wasa, sau huɗu kaɗai wannan ƙungiya ta gama shekara cinta ya fi faɗuwarta yawa. A 2016 ta yi wasa 16, ta ci ɗaya. A 2017 ta yi 16, ba ta ci ko ɗaya ba. Muna so mu duba wannan al'amari tare da masu karatu, domin a ganinmu ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗanda suka tsamar da wannan ruwa ba yaran da ke guje-guje a fili ba ne.

Tilas ne mu fara da ɗan bayani, don kada a ɗauka irin ƙwallon da muka saba ne. Ƙwallon Amurkawa dogo ne, mai siffar gwanda, da hannu a ke ɗaukarsa a ke jifa da shi, mutum sha ɗaya a kowane gefe, ana karo ana ka da juna. Akwai mutum guda wanda komai ke bi ta hannunsa, shi ke karɓar ƙwallo ya karanta yadda abokan karawa suka tsaya, sa'an nan ya jefa ko ya miƙa. Su suna ce da shi kwatabak, mu kuwa za mu kira shi madugu, domin in ya ɓace ayari duka ya ɓace. Ƙungiyoyi 32 ne a ƙarƙashin hukumar da a ke kira NFL, kuma wannan hukuma ta shirya dokokinta yadda mai rauni zai farfaɗo. Ba a korar wanda ya zo na ƙarshe zuwa ƙaramin aji. Kuɗin talabijin na ƙasa raba daidai a ke yi. Tun 1994 aka sa iyaka ga jimlar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye. Abu mafi girma kuma shi ne zaɓen shekara, wanda aka fara tun 1936: a kan jera samarin da suka gama wasa a jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai, kuma wadda ta fi kowa faɗuwa bara ita ke fara zaɓe bana.

To, jama'a, ku duba wannan. Kamar a ce makarantar da ta zo ta ƙarshe a jarrabawa ita za a ba damar fara tsince yaran da suka fi hazaƙa a lardi duka, a ba ta kuɗi daidai da na sauran, a kuma hana makarantun da suka fi ta sayen malamai fiye da ƙima. In irin wannan makaranta ta shekara ashirin tana ta ƙarshe, wa za a tuhuma? Ba za mu je mu tsare yaran aji ɗaya da tambaya ba. Ofishin hedimasta za mu nufa, daga nan mu wuce wurin wanda ya naɗa shi.

Abin da ya ƙara wa labarin ciwo shi ne asalin gidan. Wanda ya fara horar da ƙungiyar a 1946, har aka sa mata sunansa, shi ne Paul Brown, mutumin da ya fara aikinsa a makarantar sakandare, ya yi shekara tara yana horar da yara a garin Massillon. Da ya zo wurin manya bai ajiye halin malanta ba. Ya sa ƙarti su zauna a aji, ko wane da littafinsa na rubuta dabarun wasa, ana yi musu jarrabawa a kai. Ya riƙa ɗaukar hoton wasa na majigi ana dubawa ana ba kowa maki, ya ɗauki mataimaka masu aiki shekara duka. A shekarar farko ya ɗauki baƙaƙen fata biyu, Bill Willis da Marion Motley, a lokacin da yawancin ƙungiyoyi ba su yarda da haka ba. Shekara goma a jere, daga 1946 zuwa 1955, ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe, ta ci bakwai, kuma a duk shekarun nan goma madugu ɗaya ne, Otto Graham. Gidan nan kwalejin horon malamai ne a fakaice, domin daga ƙarƙashinsa Don Shula da Chuck Noll suka fito, waɗanda daga baya suka zama cikin manyan masu horarwa na Amurka.

Wani ɗan kasuwa, Art Modell, ya sayi ƙungiyar a 1961, a Janairun 1963 ya kori Paul Brown. Mataimakinsa Blanton Collier ya ci kofi a 1964 da ragowar ginin da ya tarar, shi ne kuwa na ƙarshe. Tun da aka fara babban wasan da a ke kira Super Bowl a Janairun 1967, har zuwa 2025 Cleveland ba ta taɓa leƙa shi ba. A ƙarshen 1995 Modell ya kwashe 'yan wasa da ma'aikata ya koma Baltimore, ya sallami mai horarwarsa Bill Belichick, wanda daga baya ya ci Super Bowl sau shida a New England. Mutanen Cleveland suka yi ƙara, aka bar musu suna da launin riga da tarihi, aka yi musu alkawarin sabuwar ƙungiya a 1999.

A nan dole mu yi adalci. Sai a watan Satumba na 1998 aka tabbatar wa Al Lerner da ƙungiyar, a kan dala miliyan 530, saura shekara guda a fara wasa. Ginin da aka yi cikin wannan gaggawa ba a sa ran ya yi ƙwari nan da nan. Amma wannan uzuri na shekara uku ne ko huɗu, ba ya rufe shekara ashirin.

Zaɓen farko na 1999 ya nuna ciwon da zai daɗe. Suka ɗauki wani yaro madugu, Tim Couch, a gurbi na ɗaya, suka jefa shi fili tun mako na biyu ba tare da sun tanadi masu tsaronsa ba. A shekarar nan kaɗai sau 56 aka ka da shi da ƙwallo a hannu. Bayan shekara biyar jikinsa ya gama mutuwa, aka ce ai dama ba gwani ba ne. Ba mu san malamin kirki da zai ɗauki ɗalibin da ya shigo kwaleji jiya ya tura shi shi kaɗai gaban aji mai yara sittin, in ya ruɗe a rubuta a takardarsa cewa ba shi da baiwa ba. Haka aka yi wa Couch, haka kuma aka yi ta yi wa na bayansa. Zuwa ƙarshen wasannin 2024, mutum 40 ne suka fara wasa a matsayin madugun Browns tun dawowarta. Akwai wata riga da wani kamfanin talla a birnin ya taɓa ratayewa, aka yi ta ƙara sunayensu a bayanta ana soke na sama, har takarda ta kusa taɓa ƙasa.

Sarkar da ta fi ba mu mamaki ita ce wadda ta fara a 2011. A shekarar suna da gurbi na shida, suka sayar wa Atlanta, ita kuwa ta ɗauki Julio Jones, wanda ya zama cikin fitattun masu cafe ƙwallo na zamaninsa. Daga cikin guraben da aka ba su musanya, da ɗaya suka ɗauki Brandon Weeden a 2012, a gurbi na 22, madugu mai shekara 28, watau ya zo koyon aiki a shekarun da wasu ke tsakiyar ƙarfinsu. Shekara biyu aka sallame shi. A wannan zaɓe na 2012 kuma suka ba da gurabe uku don su matsa daga na huɗu zuwa na uku su ɗauki Trent Richardson, suka sayar da shi ga Indianapolis bayan wasa biyu na shekararsa ta biyu. Gurbin da suka samu daga cinikinsa shi suka ƙara wa wani a 2014 suka hau zuwa na 22, suka ɗauki Johnny Manziel, yaron da duk mai karanta jarida a Amurka ya san yana da fama da shagali da rashin zama wuri ɗaya. Wasa takwas ya fara, ya ci biyu, a watan Maris na 2016 aka sallame shi. A wannan zaɓe na 2014 ɗin sun riga sun ɗauki Justin Gilbert a gurbi na takwas, shi ma shekara biyu ya yi, alhali Aaron Donald yana nan zaune har gurbi na 13. Gurbi na 22 kuwa kamar an yi musu baki a kansa, don Brady Quinn na 2007 ma a nan aka ɗauke shi. Mutum uku, gurbi ɗaya, aiki ɗaya, babu wanda ya zauna.

Za a ce mana zaɓe caca ne, kowa yana kuskure. Gaskiya ne. A 2000 Browns sun ɗauki wani madugu a gurbi na 183 suka bar Tom Brady ya tafi a na 199, amma ba za mu ɗora musu wannan ba, tun da ko wace ƙungiya ta tsallake shi sau da dama. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce rashin sa'a ne ya bi su shekara da shekaru. Ku dubi waɗanda suka bar Cleveland a 1995. A zaɓensu na farko a Baltimore, 1996, Ozzie Newsome, tsohon ɗan wasan Browns wanda ya koyi aikin tantancewa a ofishin Cleveland, ya ɗauki Jonathan Ogden da Ray Lewis a zagaye na farko, dukansu biyu sun shiga zauren gwanaye na ƙasa. An bar shi a kan wannan aiki fiye da shekara ashirin, Baltimore ta ci Super Bowl sau biyu a hannunsa. Ba ido ne ya fi na kowa kaifi ba kawai, an bar shi ya san irin ɗan wasan da gidansa ke bukata, shekara bayan shekara.

Nan ne mu ke ganin tushen cutar. Mai zaɓe yana zaɓar yaro domin wata irin dabarar wasa, kafin yaron ya gane ta an kori mai horarwa, sabo ya zo da tasa dabarar da nasa kalmomin, ya ce waɗannan yara ba irin nawa ba ne, a sake zaɓe. Daga 1999 zuwa 2019 masu horarwa tara aka naɗa, ban da biyu na riƙon ƙwarya. Jimmy Haslam, wanda a lokacin ya ke da kamfanin gidajen mai na manyan motoci, ya sayi ƙungiyar a 2012 a kan wajen dala biliyan ɗaya, kafin ƙarshen 2019 ya kori masu horarwa biyar. Rob Chudzinski shekara ɗaya aka ba shi a 2013. Manyan ofis biyu da suka kore shi, su ma ba su kai wata biyu ba aka sallame su. Freddie Kitchens shekara ɗaya, 2019.

Ku gwada wannan da maƙwabtansu na Pittsburgh, tafiyar wajen awa biyu a mota. Daga 1969 zuwa 2025 masu horarwa uku suka yi. Na farkonsu, Chuck Noll, haifaffen Cleveland ne, ɗalibin Paul Brown. A shekararsa ta farko wasa ɗaya ya ci cikin 14, shekara uku a jere yana faɗuwa, masu ƙungiya suka ƙyale shi, ya kawo musu Super Bowl huɗu. Wanda ya gaje shi, Bill Cowher, shi ma a Cleveland ya yi wasa ya kuma fara koyarwa. A 2004 Browns suka tsallake Ben Roethlisberger, ɗan Jihar Ohayo, Pittsburgh ta ɗauke shi a gurbi na 11, ya shekara 18 yana zuwa gida yana yi musu dukan ɗan kishiya. Da Noll a Cleveland ta Haslam ya fara aiki, da ba mu ji sunansa ba.

Kada kuwa a ɗauka haƙuri kawai mu ke wa'azi, domin lokacin da suka yi haƙurin ma a gurbin da bai dace ba suka yi shi. A Janairun 2016 Haslam ya ɗora wani lauya, Sashi Brown, a kan harkar 'yan wasa, ya kawo Paul DePodesta, masanin lissafi daga wani wasa dabam, suka yanke shawarar a rushe gidan a tara guraben zaɓe don gaba. Shawarar tana da hankali a cikinta, in kowa ya yarda da ita. Amma sai aka naɗa Hue Jackson mai horarwa, mutumin da ke son ci yau, aka kuma shirya yadda shi da Sashi Brown ko wane zai riƙa kai maganarsa kai tsaye wurin mai ƙungiya, ba wanda ke ƙarƙashin wani. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Ƙwararrun masu tsaro biyu, Alex Mack da Mitchell Schwartz, suka tafi a 2016, na farko ya kai Super Bowl da Atlanta a shekarar, na biyu ya ci shi da Kansas City daga baya. A watan Oktoba na 2017 aka ƙulla cinikin wani madugu daga Cincinnati, cinikin ya rushe don takarda ba ta isa ofishin hukuma kafin ƙarfe huɗu na ranar rufewa ba. Akawun da ya yi wannan a ko wane ofishi sai ya amsa tambaya a rubuce. Ƙarshenta aka kori Sashi Brown, aka bar Jackson wanda ya ci wasa ɗaya cikin 32. Ya taɓa alkawarin in aka sake irin faɗuwar 2016 zai faɗa Tabkin Erie, kuma ya cika, a watan Yuni na 2018 ya shiga ruwa ana ɗaukar hoto. A Oktoba aka kore shi tare da mataimakinsa, domin su biyun ma ba sa ga maciji.

Mutanen gari fa? A Janairun 2018, cikin sanyi mai daskarar da ruwa, dubbai suka fito suka yi jerin gwano suna kewaya filin wasa, wai bikin shekarar da ba a ci komai ba. Dariya ce ta wanda kuka ya ƙare masa. Muna kuma tuna Joe Thomas, wanda aka ɗauka a 2007, ya tsaya a layi sau 10,363 a jere bai taɓa fita hutu ba, shekara goma sha ɗaya, bai taɓa ganin wasan fid da gwani ko sau ɗaya ba.

Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo bayan an fara warkewa. Guraben da aka tara sun haifi ɗa mai ido: Myles Garrett a 2017, Baker Mayfield da Denzel Ward da Nick Chubb a 2018. A 2020 aka naɗa Andrew Berry manaja da Kevin Stefanski mai horarwa, mutum biyu masu magana da baki ɗaya. A shekarar suka ci 11 cikin 16, a Janairun 2021 suka je har Pittsburgh suka doke ta da ci 48 da 37 a wasan fid da gwani, karo na farko tun wasannin 1994. Mayfield ya yi shekarar 2021 da kafaɗa a goce, wasansa ya ja baya. Maimakon a jira ya warke, sai a watan Maris na 2022 aka ba Houston guraben zagaye na farko na shekara uku, 2022 da 2023 da 2024, da waɗansu ƙananan gurabe, don a karɓo Deshaun Watson, aka kuma rubuta masa dala miliyan 230 na shekara biyar, tabbatattu, ko ya yi wasa ko bai yi ba. Ba a taɓa ba ɗan wasa irin wannan tabbaci a NFL ba kafin nan. Mutumin bai taɓa ƙwallo ba a duk shekarar 2021, kuma mata fiye da 20 sun shigar da ƙararsa suna zarginsa da cin mutuncinsu. Shi ya musanta, ba a gurfanar da shi gaban kotun laifi ba, ya sasanta da yawancinsu, hukumar NFL kuwa ta dakatar da shi wasa 11 ta ci shi tarar dala miliyan 5. Duk wannan zargi yana gaban masu ƙungiya ranar da suka sa hannu. Mata da yawa cikin magoya baya suka ajiye rigunansu, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Ga wani abin ban takaici. A zaɓen 2017 gurbi na 12 na Cleveland ne, suka sayar wa Houston, da shi kuwa Houston ta ɗauki wannan Watson ɗin. Abin da suka ƙi ɗauka a araha, shi suka dawo suka saya da gona da iri bayan shekara biyar. Cikin shekara uku wasa 19 ya yi musu, jijiyar agararsa ta tsinke a Oktoban 2024, ta sake tsinkewa a Janairun 2025. Tun da akwai iyakar albashi, ko wace dala da aka ɗaure a kansa an cire ta ne daga bakin wani, guraben da za a cike giɓi da su kuwa suna Houston. A 2023 wani dattijon madugu, Joe Flacco, wanda aka ɗauko daga gida a tsakiyar shekara, shi ya kai su wasan fid da gwani. A 2024 suka ci uku cikin 17. Mayfield da aka sallama a kan ɗan ƙaramin gurbi ya je Tampa Bay ya ci musu rukuninsu a 2023 da 2024. A watan Maris na 2025 Haslam da bakinsa ya amsa wa 'yan jarida cewa cinikin ya faɗi, kuma alhakin yana wuyansa da matarsa Dee, wadda su ke riƙe da ƙungiyar tare.

Mun yaba da wannan amsa, amma muna tambaya: sai me? Ɗan wasa in ya kasa a kan sallame shi cikin mako, mai horarwa cikin shekara, manaja cikin biyu. Mai ƙungiya shi kaɗai ne babu mai duba aikinsa, kuma tun da kuɗin talabijin raba daidai ne, ko an ci ko an faɗi rabonsa yana zuwa, darajar dukiyarsa tana hawa. Ƙungiyar da aka saya wajen biliyan ɗaya a 2012 ta ninka wannan kuɗi sau da yawa a ƙiyasin masana kasuwa, cikin shekarun nan na faɗuwa. A ganinmu abin da ya kamaci mai irin wannan gida shi ne ya naɗa mutum ɗaya masanin wasa, ya ba shi ikon zaɓar mai horarwa da 'yan wasa, ya yanka masa shekaru, sa'an nan ya fita daga ɗakin zaɓe ya ja ƙofa.

Jama'ar Ohayo kuwa suna da haƙƙin neman haka da babbar murya, domin ba 'yan kallo kawai ba ne a wannan harka. Filin da aka buɗe a bakin tabki a 1999, yawancin kuɗinsa daga aljihun jama'a ya fito. A 2024 masu ƙungiya suka bayyana niyyar barinsa su gina wani mai rufi a Brook Park, bayan gari, a kan wajen dala biliyan 2.4, hukumar birni tana ja. A tsakiyar 2025 majalisar jihar ta sa dala miliyan 600 domin wannan gini a cikin kasafinta, daga asusun kuɗaɗen mutane da ba a zo nema ba, Gwamna Mike DeWine ya sa hannu.